Jan Waken Mambila da Kazar Zuwaira

Dugabau, ƙasar Kabo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwaira 'yata, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin buɗe wannan takarda kina zaune a ɗakinki, kin sauka lafiya ke da maigidanki. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya sa aikin da ya kai shi can ya zama alheri gare ku duka. Ina gajiya, ina baƙunta, yaya kuma sanyin Mambila da ake ta ba mu tsoro da shi? Babanku yana gaishe ki, ko da yake kin san shi, gaisuwar tasa ba ta wuce gyaran murya.

Na soke miki takardar nan a cikin zannuwanki ne saboda abin da ke cikinta ba na faɗa ido da ido ba ne. Da na fara, ke za ki sunkuyar da kai don kunya, ni kuma in hau kuka, a tashi ba a ce komai ba. To ga shi a rubuce. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Maganar jininki ce. Ina tsaye a bayanki ranar awo a asibitin Gwarzo lokacin da nas ɗin nan mai tabarau ta ja fatar idonki ƙasa, ta juya tafin hannunki. Da sakamakon gwaji ya fito ta ce jininki ya yi ƙasa, kuma in bai hau ba kafin watan haihuwa, ke da abin da ke cikinki kuna cikin haɗari, domin mace takan zubar da jini wajen haihuwa, ke kuwa ba ki da na zubarwa. Ke kika yi murmushi kika ce to. Ni na san wannan to ɗin naki tun kina rarrafe. Shi ya sa da kika fita karɓo magani na koma na zauna a gabanta, na hana ta kiran ta gaba sai da ta yi mini bayani dalla-dalla. Matan da ke kan layi sun harare ni, ban damu ba.

Na gaya mata gaskiya, cewa 'yata ba ta cin kaza tun tana ƙarama, daga kaza abin ya bi ya kama naman sa da na rago, kifi ma cewa take yi yana kallonta. Nono ne kaɗai take sha, shi ma tun da cikin nan ya shiga ko warinsa ba ta so. Ta tambaye ni to me kike ci. Na ce wake. Wake da shinkafa, ɗanwake, alale, ƙosai, fate, in an wayi gari a sake daga farko. Na ƙara mata da cewa inda za ku, an ce jan wake ne ko'ina, irin mai girman nan mai siffar ƙoda, kuma tun yanzu kina murna.

Ba ta kushe wake ba, kada ki ce na je na haɗa baki da ita. Yabonsa ma ta yi. Ta ce jan wake yana gina jiki, yana riƙe ciki, ba shi da kitse, kuma yana da wani sinadari da jariri ke bukata wajen haɗuwar ƙashin bayansa da ƙwaƙwalwarsa, wanda naman kaza bai kai shi ba ko kusa. Yana kuma sauƙaƙa bayan gida, abin da kaza ba ta yi ko kaɗan, ga shi ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki suna ɗaure ciki. Har ta ce in ana maganar yawan sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi, wake ya fi kaza. Na ji daɗi, na gyara zama, na ce to ai shi ke nan. Sai ta ce in dakata.

Wai na cikin wake a ƙulle yake, hanji ba ya iya zaro shi sai ɗan kaɗan, sauran ya wuce. Na cikin kaza bai kai shi yawa ba, amma jiki yana karɓarsa ba gardama, kuma in an haɗa su a kwano ɗaya, naman yakan taimaka a sami na waken. Na ce mata kamar hatsi a rumbun da ba tsani ke nan, ta yi dariya ta ce haka ne. Sannan abin gina jikin da ke cikin kaza cikakke ne, na wake kuwa sai an haɗa shi da shinkafa ko masara ko gero yake cika. Wannan ba damuwa, mu da ma ba ma cin wake shi kaɗai. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe. Akwai wani bitamin, B12 ta kira shi, har na sa ta maimaita, wanda babu shi a wake kowane iri, fari ko ja, ko buhu kika cinye. Sai a nama, da kifi, da nono, da ƙwai. Shi ma ana yin jini da shi, jijiyoyin jariri ma suna nemansa. Duk ƙofofin nan huɗu a rufe suke gare ki, Zuwaira, kuma yanzu ba ke kaɗai kike bayan ƙofar ba.

Bari in fara da waken, tunda shi ne masoyinki. Jan wake ba irin namu ba ne, kada kamanni su ruɗe ki. Na taɓa dafa shi sau ɗaya a gidan nan, kina goye a lokacin. Kawunki direba ne ya kawo mana tsaraba daga Jos, muka yi ta juya shi a hannu muna sha'awar launinsa. Damina ce, itace duk ya jiƙe, wutar sai hayaƙi take yi. Na wanke shi, ban jiƙa ba, na jefa kanwa da yawa don ya yi laushi, na bar tukunya a kan 'yar wutar nan tana ɗumi-ɗumi tun hantsi, ban ga ta tafasa ba ko sau ɗaya. Da azahar na latsa ƙwaya ɗaya, ta ɗan ba da kai, na ce ya yi. Na zuba mai da yaji. Babanku ya ci ya ƙara, yana cewa mutanen Jos sun iya wake.

Kafin la'asar gidan ya rikice. Amai da gudawa, babba da yaro, buta ɗaya ana rububinta. Babanku da ke jan sallah a masallacin ƙofar gida, ranar sai wani ya tura, daga baya ya yanke hukunci cewa kawunki abincin dabbobi ya kawo mana. Shekara da shekaru muna riƙe da bawan Allah a kan laifin da ba nasa ba. Sai a bakin nas ɗin nan na ji cewa jan wake yana da wata guba a jikinsa wadda tafasa mai ƙarfi ce kaɗai ke kashe ta, kuma ɗumi-ɗumin da na yi masa ya fi komai muni. Don haka ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki sa sabo, ki ba shi wuta ya yi ta ɓararraka a ƙalla minti goma kafin ki rage, sannan ya ci gaba da nuna har ya narke a yatsa. An ce can kan dutse ruwa ma ba ya saurin dafa abu, to ki ƙara haƙuri. Kanwa kuma ki janye hannu, tana kashe wasu amfanin waken. Na san za ki ce ni ce sarauniyar kanwa. To sarauniya ta yi murabus.

In kin zuba shi a kwano, ki matsa lemon tsami, ko ki yanka tumatir ɗanye, ko ki sha lemon zaƙi a bayansa. Wannan ne tsanin rumbun. Shayi kuwa akasin haka yake yi, ƙara ƙulle amfanin yake. Na san mijinki, butar shayinsa ba ta hucewa, ga shi an kai shi garin da ake noma ganyen. Allah Ya haɗa shi da abin da yake so. Shi ya sha abinsa, ke kada ki bi wake ko ƙwayar magani da shayi, ki bari sai abinci ya faɗa. Ƙwayoyin nan kuma kada ki yi musu irin shan da kike yi wa maganin zazzaɓi, ki sha biyu ki ɓoye saura a ƙarƙashin katifa. Na sha tsintarsu in ina kaɗe ɗaki. Su ne kan gaba a wannan yaƙi, abinci mataimaki ne. Kuma makon farko ki nemi asibitin awo a can ki nuna katinki, kada ki jira sai kin gama jeren kwanuka.

Yanzu sai kaza. Na san kin fara naɗe takardar. Buɗe.

Ba mu taɓa zama mun yi maganar Gimbiya ba, ni da ke. Kina 'yar shekara bakwai ko kusa, kakarki ta ba ki 'yar tsakuwar kaza fingi, gashinta duk a tattashe kamar an tsamo ta daga wanki. Kowa dariyarta yake yi, ke kika sa mata Gimbiya. A cinyarki take cin tsaki. In kika kira, ko daga bayan danga take sai ta taho da gudu tana rangaji. Har ɗankwali kin taɓa ɗaura mata.

Ranar ina Unguwar Tudu wajen suna, ke kina Islamiyya. Malamin Babanku, wanda ya saukar da shi Alƙur'ani, ya iso daga Mainika ba sanarwa. Kin san al'adarmu, baƙo irin wannan ba a tare shi da miyar kuka zalla, sai an zubar da jini. Babanku ya leƙo ya ce wa yayanki Sani ya kamo kaza. Bai ce wacce ba. Sani ya bi ja, ta haye katanga, ya bi fara, ta shige ƙarƙashin rumbu. Da ya gaji, sai ya durƙusa ya kwaikwayi kiran da kike yi.

Na dawo na tarar da ke tsugune a bayan madafa, gashin nan a tare a gabanki, kina tsince shi ɗaya-ɗaya kina zubawa a hijabinki. Ba ki yi kuka ba. Baƙon kuma, bawan Allah, bai san komai ba, ya rage cinya guda a kwano ya ce a ba 'yar autar gida don albarka. Aka ajiye miki a gabanki. Kika ɗago kika dube ni.

"Inna, da kanta ta zo da aka kira ta?"

Na ce eh, don ban iya yi miki ƙarya ba. Har yau ban manta da tambayar nan ba. Tun ranar nama bai ƙara shiga bakinki ba. Muka ce yarinta ce, za ki manta. Kakarki ta ce a bar ki da yunwa, gwaggonki ta ce a yi rubutu, ni kuma na ɗauki hanya mafi sauƙi, na riƙa ɗora miki tukunyar wake daban. Kika girma a kai, kika yi tsawo, kika fi 'yan ajinku karatu, muka ce ai ga shi wake ya isa. Nonon da kike sha da fura ashe shi yake rufa mana asiri ba mu sani ba.

Ba zan ce miki kaza dabba ce kawai ba. Kin fi ni sanin cewa halal ce, kin karanta littattafan da ban karanta ba, kuma ba wannan ne ya hana ki ba. Abin da na sani shi ne, yarinyar da ta tsince gashin nan tausayi ne ya cika ta, kuma yanzu akwai wani ɗan ƙaramin abu da shi ma ba shi da kowa sai ke, abin da kika ci shi ya ci, abin da kika ƙi an hana shi. Ina jin tsoro, Zuwaira. Na faɗa miki a fili. Na ga matan da suka shiga ɗakin haihuwa da farin ido irin naki, kuma ba duka ne suka fito suka yi wankan jego ba. Ba na son in zo Mambila in karɓo jariri a zane in dawo ni kaɗai.

Don haka in za ki iya, ki gwada. Ba sai kin ga yanka ko fiɗa ba. Mijinki ya sayo gyararriya, maƙwabciya ta dafa, a tsiyaye miki romon a kan waken, ko a daka tsokar a yi dambu yadda ba za ki gane ƙafa ko fiffike ba. Cokali biyu yau, uku gobe. Fatar da kitsen ki bar wa mai shayi, tsokar ake nema. In ya taso miki ki ajiye, jibi ki sake gwadawa. In nonon can bai dame ki da wari ba, an ce shanunsu ƙosassu ne, ki tafasa ki sha. Ba wanda zai kawo mini rahoto, ke da Allah ne.

In kuma kin gwada kin kasa, akwai ƙofa ta huɗu, wadda ba ke kika rufe ta ba, mu muka rufe miki. Ƙwai. A gidan nan ba a ba yaro ƙwai, wai zai koyi sata, mai ciki ma ba a ba ta, wai ɗan zai zo da wani abu. Haka na tarar, haka na yi muku. Ƙwai na sayarwa ne ko na kwanci, in ya fashe na maigida ne. Babanku ya ci ƙwan da ya fashe ba adadi, ban ga ya saci ko allura ba. Na tambayi nas, ta ce babu ko ɗaya a cikin zancen nan, ki dafa shi ya dahu sosai ki ci kullum in kin samu. Ba zai ba ki ƙarfen jini da yawa ba, wannan aikin ƙwayoyi ne da wake da lemo, amma bitamin ɗin da wake ya rasa yana ciki, abin gina jikinsa kuma cikakke ne kamar na kaza. In wata tsohuwa a can ta ce miki kul, ki gaishe ta da ladabi, ki shige ɗaki ki ɓare abinki.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne Babanku zai yi fushi in ya ji na rubuta.

Gimbiya ta bar ƙwai a akurki ranar da aka yanka ta. Na kwashe na sa wa jar kazar nan da ke kwanci, aka ƙyanƙyashe, biyu suka fito fingi. Ke kin daina bi ta wajen akurki, ko shara ce sai ki zagaye, don haka ba na jin kin taɓa tambayar kanki me ya sa fingi ba sa ƙarewa a gidanmu, ko me ya sa su kaɗai ke tsufa har su mutu da kansu. Washegarin abin, Babanku ya tsaya a bakin madafa yana gyara hula, bai dube ni ba, ya ce ba a ƙara sa wa fingi wuƙa a gidansa. Bai kuma taɓa janyewa ba.

Kin tuna shekarar da ciwon kaji ya share mana akurki? Fingi uku ne suka tsira. A cikin watan dangin mijin yayarki suka zo gaisuwa daga Gwarzo, manyan mutane da manyan riguna, ranar ba kasuwa, maƙwabta su ma nasu sun mutu. Na je na tsuguna na ce Malam, ko ɗaya dai, don fita kunya. Ya ce in dafa shinkafa da wake. Haka baƙin nan suka zauna a zaure suna cin wake da mai da yaji, kaji uku suna kiwo a gabansu, ɗaya har tana leƙa kwano. An daɗe ana yi da shi a gari, wai Malam ya fi son kajinsa da surukansa. Yana ji, bai taɓa kare kansa ba. Ke kuma ranar kin ci waken nan har kin side hannu, kina cewa yau an yi girkin kirki.

Motar kayanku za ta iso bayanku, Sani ne a gaba kusa da direba. A kan cinyarsa akwai kwando rufe da tsohon zanena. Shi ya ce ba wanda zai riƙe sai shi, ya tanadi ruwanta a gora da tsakinta a leda, ƙato da gemu da 'ya'ya huɗu. Budurwar kaza ce fingi, ta fara ƙwai bana. Ban iya lissafa ko jikar Gimbiya ta nawa ce ba, amma tafiyar rangajin tana nan. Wahalar hanya da sanyi za su sa ta ɗauke ƙwai na ɗan lokaci, kada ki jira ta, ki saya a kasuwa ki fara. Ki yi mata wuri mai ɗumi kusa da madafa. Ba sai kin nemo zakara ba, za ta yi ƙwanta ba tare da shi ba, kuma ƙwan da ba zakara babu rai a cikinsa, na tambaya na tabbatar don na san sai kin tambaya.

Babanku ne ya kamo ta da hannunsa. Bai kira ta ba, bin ta ya yi ta yi a tsakar gida da tsufansa har ya yi haki, ya hana kowa taya shi. Da ya ɗaure bakin kwandon ya miƙo mini, ya juya baya kamar mai neman takalmi.

"Ki gaya mata wannan ba ta baƙo ba ce," in ji shi. "Ta ci ƙwan. Ina so in yi wa jikana huɗuba uwarsa tana zaune."

To na gaya miki.

Allah Ya raba ku lafiya, Ya cika miki jininki, Ya ba ki haihuwa mai sauƙi. Allah Ya tsare ki a zaune da tafe, a garin da ba ni kusa, Ya sa in zo in tarar da ke da jan ido da jan tafin hannu, in dafa miki ruwan wanka da kaina. Ki gaida maigidanki da kyau. In Sani ya iso, ki ba shi ruwa ya sha kafin ki buɗe kwandon.

Wassalam. Ni ce,
Innarki.